Na'urar sanyi da ɗumi ta kan rufi: mai gas ko mai lantarki zalla?

A Amurka, in ka hau rufin jerin shaguna ko gidan abinci ko ƙaramin masallaci, abin da za ka fara cin karo da shi wani ƙaton akwatin ƙarfe ne zaune a kan dakali. Komai yana cikinsa: kwamfiresa, fankoki, bututan sanyi, da abin da ke ɗumama ginin in hunturu ya kama. A garuruwa irin su Finiks da Las Begas har gidajen kwana a kan rufi ake ɗora musu shi. 'Yan uwanmu da suka sayi gini ko suka kama hayar shago a Buronks ko Hustan ko Shikago, ko ba jima ko ba daɗe sai sun yi karo da ranar da wannan akwati ya mutu, kuma a hayar kasuwanci sau da yawa yarjejeniya kan ɗora gyaransa a wuyan ɗan haya.

Ranar da hakan ta faru, ɗan kwangila zai kawo maka farashi biyu. Ɗaya na mai ƙona gas don ɗumi, yana sanyaya da lantarki. Ɗayan na lantarki ne zalla, wanda in sanyi ya zo sai kwamfiresa ta juya aikinta, ta riƙa ɗebo zafi daga iskar waje tana turawa cikin gini. Yawancin mutane kan farashin akwatin suke tsayawa, alhali ba nan kuɗin ke ɓuya ba. A ganina abin da ya kamata ya yanke maka hukunci shi ne abin da ya riga ya isa rufinka: wace irin waya ce ta hau, wane bututu ne ya hau, kuma akwatin rarraba wutarka na ƙasa zai iya ɗaukar nawa. Bayan wannan sai tsananin hunturun garinku.

Gas ɗin da nake nufi na ƙonawa ne, ba wanda ake ɗura wa AC ba. Wancan tun a masana'anta ake rufe shi a cikin akwatin, babu bututun tagulla da za a ja daga waje zuwa ɗaki.

Mu fara da waya, don a nan bambancin ya fi fitowa fili. A jikin kowace na'ura akwai faranti da aka rubuta bayananta a kai, kuma lambobi biyu ne mai aikin wuta ke nema a kansa. MCA ita ke faɗa maka mafi ƙarancin ƙarfin da waya za ta iya ɗauka, MOCP kuma mafi girman bireka ko fis da aka yarda a saka. Ɗauki na'ura mai tan 5, wato mai cire zafi BTU 60,000 a awa, tunda tan ɗaya BTU 12,000 ne (BTU ma'aunin yawan zafi ne). Idan mai gas ce a kan wuta mai bolt 240, MCA ɗinta yakan faɗo wajen amfiya 35 zuwa 45, domin ɗumin ba daga waya yake zuwa ba, fanka da 'yan na'urorin kunnawa kawai ke cin wuta da hunturu. Wayar tagulla lamba 8, wadda ta ɗan haura murabba'in milimita 8 a lissafin da masu aikin wuta na ƙasashenmu suka saba da shi, yawanci ta ishe ta. Wanda bai saba ba zai yi mamakin ganin bireka mai amfiya 60 a kan wannan waya, amma in farantin ya ce haka, daidai ne: kwamfiresa tana da nata mai tsaron lodi a ciki, birekar kuma an bar mata sarari ne don kada ta riƙa faɗuwa duk sanda inji ya tashi.

To, mai lantarki zalla fa? Kwamfiresarta ba ta fi ta mai gas ci ba. Matsalar ita ce hitar taimako da ake saka mata, wadda ke shigowa in sanyin waje ya fi ƙarfin kwamfiresa. Hita mai kilowat 10 a kan bolt 240 tana jan kusan amfiya 42, kuma doka ta ce a lissafa ta da ƙarin kashi 25 cikin ɗari saboda tana daɗewa a kunne, ka ga an kai 52. Tunda hita da kwamfiresa suna iya aiki lokaci guda, haɗa su ake yi, sai lissafi ya doshi amfiya 90. Nan an bar maganar waya lamba 8, an koma lamba 3, wadda kaurinta ya ninka na farko sau uku, da bututun waya mafi faɗi, da makashin wuta mafi girma. Idan wutar da ke shigowa gininka gaba ɗayanta amfiya 100 ce, kamar yadda take a tsofaffin gine-gine da yawa, magana ta ƙare tun kafin a fara ta: sai an ƙara girman layin shigowa da akwatin rarrabawa, aikin da sai kamfanin wuta ya sa hannu, kuma shi kaɗai yana iya cinye duk wani ragi da ka samu a farashin na'urar.

Kuma duk da wannan ɗawainiya, kilowat 10 BTU 34,000 da 'yan kai kawai yake bayarwa. Mai gas da ke ƙona BTU 100,000 a awa tana shigar da kusan 81,000 cikin gini. Kafin hita ta kamo ta sai an ba ta kusan kilowat 24, wato amfiya ɗari ba kaɗan. Akwai kuma wani tarko a gine-ginen kasuwanci: da yawansu bolt 208 suke da shi, ba 240 ba. Hitar da aka rubuta mata kilowat 10 a kan 240, in ka ɗora ta a kan 208, kashi uku cikin huɗu na zafinta za ta ba ka. Ka tambayi ɗan kwangila a kan wane bolt ya yi lissafinsa.

Sauran aikin wayar iri ɗaya ne ko wacce ka zaɓa, kuma a nan ake gane mai aiki da mai ha'inci. Dokar lantarki ta ƙasar, NEC, wadda ake sabuntawa duk shekara uku, ta ce dole a sami makashin wuta a inda mai gyara zai riƙa ganinsa daga jikin na'urar, don kada wani ya mayar da wuta daga ƙasa hannunsa na cikin fanka. Ta kuma ce a sa soket mai bolt 125 a cikin tazarar ƙafa 25, mai kariyar jan wuta, kuma kada a ɗauko shi daga bayan makashin, don ya ci gaba da aiki ko an kashe na'urar. Cikin bututun da ke waje doka tana ɗaukarsa wuri mai jiƙa, don haka wayar cikin ɗaki mai rigar roba ba ta da hurumi a can, sai irin THWN-2 ko XHHW-2. Rana ma tana da nata lissafin. In bututun waya ya kwanta dab da rufi, ƙasa da milimita 23, sai an ƙara digiri 33 na Salshiyas a kan zafin garin kafin a zaɓi kaurin waya. A Finiks, inda zafi ya taɓa kai digiri 50 a watan Yunin 1990, ka lissafa abin da wayar ke sha a cikin ƙarfe da tsakar rana. Maganin mai sauƙi ne: a ɗaga bututun a kan tubalan roba. A kuma ja wayar ƙasa ta gaske a ciki, wato wadda ke kai wutar da ta kuɓuce zuwa ƙasa, kada a dogara da jikin bututu, don mahaɗansa suna saki da zafi da sanyi.

Wayar ma'aunin zafi ta bango siririya ce, bolt 24 take ɗauka. Mai gas igiya biyar ta ishe ta, mai lantarki zalla tana neman ƙari saboda bawul ɗin juyawa da hita. Ni dai shawarata a ja mai igiya takwas tun farko ko da mai gas ka saya, bambancin kuɗinsu bai taka kara ya karya ba, kuma ba za ka sake fasa silin ba ranar da ka canja ra'ayi. Abubuwa biyu ƙanana kuma suna wahalar da mutane ranar kunnawa. Taransifomar cikin na'urar daga masana'anta a kan 230 take zuwa, in wutarka 208 ce sai an matsar da wayarta. In kuma wuta mai layi uku ce aka juya layukan, kwamfiresa za ta juya da baya, ta yi ta ƙara babu sanyi. Musanya layi biyu kawai ake yi, amma sai mai aikin ya tsaya ya duba.

Zuwa nan kamar mai gas ta cinye gasar. Sai dai ita ma tana da nata nauyin, kuma nata ya fi haɗari.

Gas ɗin bututu yana shigowa gini da ɗan ƙaramin matsi, kusan abin da zai ɗaga ruwa inci 7 a cikin tiyo, wato wajen rubu'in psi, ma'aunin matsin da ake amfani da shi a Amurka. Da irin wannan rauni, kowace ƙafa ta bututu da kowane gwiwa suna rage masa ƙarfi. Ƙafa ɗaya ta gas, wato cikin akwati mai tsawo da faɗi da zurfi ƙafa ɗaya-ɗaya, tana ɗauke da BTU dubu da 'yan kai, don haka na'ura mai BTU 100,000 tana shan kusan ƙafa 100 a awa. Ga abin da jadawalin dokar gas ya nuna ga bututun ƙarfe a irin wannan matsi: a nisan ƙafa 60, mai rabin inci gas ƙafa 65 kawai yake kawowa a awa, mai inci uku bisa huɗu 137, mai inci ɗaya 257. In nisan ya kai ƙafa 100, mai uku bisa huɗu ya sauko 104, da ƙyar ya isa. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya ga bakin shigar gas na na'urar rabin inci ne, sai ya ja rabin inci tun daga mita har rufi. Na'urar za ta kama, amma wutar ba za ta yi ƙarfi ba, kuma ranar da aka fi sanyi, sanda tukunyar ruwan zafi da murhun girki duk suke ja, ranar za ta riƙa mutuwa. Ƙa'idar ita ce a auna daga mita zuwa na'urar da ta fi kowacce nisa, a yi amfani da wannan nisan wajen zaɓar kowane sashe, kuma babban layi ya ɗauki jimillar duk abin da ke bayansa. Ƙara tukunyar ruwan zafi mai BTU 40,000 a kan misalinmu, babban layi ya koma inci ɗaya. Mitar kanta tana da iyaka, ta gidaje da aka fi gani ƙafa 250 take bayarwa a awa. Inda kamfanin gas ya yarda ya ba da matsi na psi 2, ana iya amfani da siririn bututu a sa regileta kusa da na'urar, kuma a dogon rufi wannan yana rage kuɗi sosai.

Sai wane bututu. Zaɓi biyu ne a zahiri. Baƙin ƙarfe mai zare a baki shi ne na gargajiya: nauyi gare shi, aikinsa na cin lokaci, kowane mahaɗi wuri ne da zai iya yoyo in ba a ɗaure da kyau ba, kuma a waje yana tsatsa in ba a yi masa fenti ba. Amma ko an taka shi, ko an ja tsani a kansa, ba ya ji. Ɗayan kuma CSST ne, tiyon bakin ƙarfe mara tsatsa mai lanƙwasuwa, wanda ke zuwa a naɗe, a ja shi daga ƙasa har sama ba mahaɗi a tsakani. Saurinsa ba a magana. Rauninsa fatarsa ce, ba ta kai rabin milimita ba, kuma an sha samun tsawa ta faɗi kusa da gini wutar ta yi tsalle ta huda shi. Shi ya sa doka ta ce mai rigar rawaya sai an ɗaure shi da tsarin wayar ƙasa na ginin da tagullar da ba ta gaza lamba 6 ba. Akwai mai baƙar riga da aka ƙera don jure wannan. Saboda tudun da ke cikinsa kuma, ba ya kawo gas daidai da ƙarfe mai faɗinsa, da jadawalin kamfanin da ya ƙera shi ake auna shi.

Da ni ne mai ginin, CSST zan bari ya bi ta cikin silin da lungunan da ƙarfe ba zai shiga ba sai an yi ta yanka, amma duk abin da zai kwanta a fili a kan rufi baƙin ƙarfe zan sa, a shafe shi da fenti. Rufi wuri ne da masu gyaran yoyo da masu share dusar ƙanƙara da masu ɗora faifan sola ke kai da kawowa, kuma ba dukansu ke duban inda suke sa ƙafa ba. Bututun kada ya kwanta a kan shimfiɗar rufin, a ɗaga shi aƙalla inci uku da rabi, a tallafe shi duk ƙafa 8 in mai uku bisa huɗu ne ko inci ɗaya, duk ƙafa 6 in rabin inci ne. Tallafin ya bar shi ya ɗan zame, domin ƙarfe yana miƙewa da rana ya tsuke da dare, in an ƙulle shi tamau sai ya riƙa jan tubalin yana goge rufin har ya huda. Guntun katako da ake yawan sawa ruɓewa yake yi.

In ka hau duba aikin, ka tsaya a gefen da gas ke shiga. Ya kamata ka ga bawul na hannu a cikin ƙafa 6 daga na'urar, bayansa mahaɗi mai kwancewa, sannan wani ɗan guntun bututu da ya nufi ƙasa an toshe bakinsa. Wannan guntun shi ke tare tsatsa da datti kafin su shiga bawul ɗin na'urar, kuma shi ne masu gaggawa suka fi mantawa. Ka duba kada bututun ya tare ƙofar da ake buɗewa a canja matatar iska. Ka duba kada tiyon haɗi mai lanƙwasa ya ratsa ta jikin akwatin, don girgizar inji za ta sa bakin ƙarfen ya yanke shi a hankali. Ƙarfe mai tauri ne ya kamata ya fito daga ciki.

Gwajin matsi ba abin da za a yi ciniki a kansa ba ne. Ana toshe layin, a hura masa iska, a sa agogon matsi a zuba masa ido. Mafi ƙarancin da dokar gas ta ƙasa da ƙasa ta yarda da shi psi 3 ne, wasu garuruwan kuma psi 10 suke nema na minti 15. Duk gwajin da ya haura rabin psi sai an raba na'urar da layin tukuna, in ba haka ba bawul ɗinta ya lalace tun ba a kunna ta ba. Mahaɗan ƙarshe da ruwan kumfa ake duba su, ba da ashana ba. Warin da ake ji in gas na yoyo ma zuba masa ake yi, kuma an tilasta hakan ne a Teksas bayan fashewar makarantar garin New London a watan Maris na 1937, inda kusan mutum 300 suka rasu, yawancinsu yara, saboda gas ya taru a ƙarƙashin ginin ba wanda ya ji. Ban da yoyo akwai hayaƙi. Tukunyar ƙonawa in ta tsufa ta tsage, iskar guba mara wari tana iya bin fanka ta shiga cikin mutane, don haka mai gas tana tafiya ne da dubawa duk shekara da na'urar gargaɗi a ƙasa. In ginin a tudu yake kamar Denba, sai an rage mata wuta gwargwadon tsayin wurin. In kuma gas ɗin tanki ne, sai an canja bakunan ƙonawa da saitin bawul, don ƙarfinsa ya ninka na bututu sau biyu da rabi. Mai lantarki zalla ba ta da ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma huda ɗaya ta ragu a rufinka.

Kuɗin wata-wata kuwa, ba sai ka yarda da bakin kowa ba, takardun biyan kuɗinka biyu sun isa. Gas ana sayar da shi da ma'aunin tam, BTU 100,000 ke nan. Abin da zai shiga gini daga tam ɗaya daidai yake da zafin kilowat-awa 24 na hita. Kwamfiresa mai juyawa, a sanyi mai sauƙi, tana ba da zafi kusan ninki uku na wutar da ta ci, ka ga kilowat-awa 8 ya ishe ta. In sanyi ya tsananta ta sauko ninki biyu, 12 ke nan. Saboda haka ka raba kuɗin tam ɗaya da kuɗin kilowat-awa ɗaya. In amsar ta haura 12, lantarki ya fi maka araha kusan duk hunturu. In ta gaza 8, gas ne. In tana tsakani, yanayin garinku ne zai raba gardama. Kada ka manta kamfanin gas yana karɓar kuɗin mita kowane wata har da bazara, sanda ba ka ƙona komai ba.

Yadda ake amfani da ginin ma yana da ta cewa. Masallaci yana kwana babu kowa, ana so kuma kafin sallar Asuba ya yi ɗumi, daidai lokacin da sanyin waje ya kai maƙura. Mai gas tana huro iska mai zafi sosai, cikin ɗan lokaci ta ɗaga ɗakin. Mai lantarki iskarta ɗumi-ɗumi ce, a hankali take aiki, kuma in aka ce ta ɗaga digiri da yawa a lokaci guda sai ta kira hita, wato mafi tsadar hanyar da take da ita. A Miniyafolis ko Shikago, masallaci ko zauren taro da ke da gas a rufi, ban ga dalilin barinsa ba. A Hustan ko Finiks, shagon da ke buɗe yini guda, hunturu gajere, babu layin gas a ginin, ban ga dalilin jawo shi ba: hita ƙarama ta isa, wayar ma ba za ta yi kaurin da na lissafa a sama ba. Kada kuma a ruɗe ka da cewa mai gas za ta cece ka in an ɗauke wuta. Mutanen Teksas sun gani a watan Fabrairun 2021, babu wuta babu fanka, babu fanka babu ɗumi. Akwai nau'i na uku da ya haɗa biyun, kwamfiresa ta yi aiki a sanyi mai sauƙi, gas ya karɓa in ya tsananta. Ba ya bukatar hita, don haka wayarsa irin ta mai gas ce. Ga wanda ke da bututu a rufi kuma akwatin wutarsa ƙarami ne, ya cancanci a nemi farashinsa.

Wani wurin doka ce za ta zaɓa maka. Birnin Niyok ya kafa doka a 2021 da ta hana ƙona gas a yawancin sababbin gine-ginen da ba su kai hawa bakwai ba daga 2024, kuma a birnin aikin bututun gas sai mai babban lasisin aikin famfo. Ko'ina kake, aikin nan yana bukatar takardar izini da zuwan sufeto, kuma wanda ya ce maka zai yi shi da rahusa ba takarda, ka tuna kamfanin inshora zai tambayi takardar ranar da wani abu ya faru.

Ga wanda ke tunanin sayen irin wannan akwati ya aika Kano ko Yamai, ɓangaren ɗumin asarar kuɗi ne, mai sanyi kaɗai ake bukata. Wutar gida kuma mai zagaye 50 ce a daƙiƙa, ta Amurka 60, don haka injin zai rage gudu da kashi ɗaya cikin shida, sanyinsa ya ragu, bolt ɗin ma ba lallai ya dace ba. A nemi wadda farantinta ya ce 50.

Kafin ka sa hannu a kwangila, ka sa a rubuta maka a takarda MCA da MOCP na ainihin na'urar haɗe da hitarta, da lambar wayar da za a ja, da lissafin lodin akwatin wutarka, da faɗin bututun gas tare da nisan da aka auna daga mita, da matsin da za a yi gwaji da shi, da sunan wanda zai ɗinke rufin a inda aka huda. In sabon akwatin bai yi daidai da tsohon dakalin ba, kuɗin dakalin haɗi da na motar ɗaga kaya su ma su fito a cikin farashin tun yanzu.